Agogon Jini

Muna yara, babu wanda yake musun cewa akwai agogon da yake aiki da jini. Haka muka ji daga bakin manya, haka kuma muka riƙe. Hujjarmu tana ɗaure a hannun mahaifina: Seiko 5 mai farar fuska da sarƙar ƙarfe, wanda ya zo da shi daga aikin Hajji a farkon shekarun 1980, sunan rana yana fitowa da Larabci a wata 'yar taga ta gefen ƙarfe uku. Ba a wana shi kamar agogon bangon da ke zauren kakanmu, ba a kuma sa masa batir kamar rediyo. Muddin yana hannun Alhaji tafiya yake yi. Idan ya kwance shi ya ajiye kwana biyu, sai a tarar ya tsaya cik. In ba jini ba, me zai sa haka? Wani yayanmu ma ya ƙara wa miyar gishiri, ya ce duk ranar da mai irin wannan agogo ya cika, nan take agogon yake tsayawa, shi ya sa likita yake fara duba hannun mamaci kafin ya rubuta lokacin rasuwa. Na daɗe ina tsoron taɓa shi.

Ranar da Alhaji ya rasu, Allah Ya jiƙansa da rahama, agogon bai tsaya ba. Sai da ya ƙara yini da kwana yana tafiya a kan tebur, ana ta karɓar gaisuwa a ƙofar gida, sannan ya yi shiru. Da aka zo rabon gado ya faɗa a kason babban yayanmu, ni kuma na tashi da littattafai, ban kuwa ce an ƙware ni ba. Na kawo wannan ne domin mai karatu ya san cewa lokacin da na tashi sayen agogon hannu a ƙarshen 2024, ba da tsabar hankali kaɗai na shiga kasuwa ba.

Buƙatar dai ta gaskiya ce. Ni malamin sakandare ne, kuma duk wanda ya taɓa tsaron jarrabawa ya san darajar minti biyar na ƙarshe. Agogon bangon zauren jarrabawarmu ya shekara a kan ƙarfe goma saura kwata. Ba ya kyautuwa ka hana ɗalibi shiga da waya, sannan kai ka tsaya a gabansa kana latsa taka. Ko a wajen aji ma, na lura cewa duk sa'ad da na zaro waya domin duba lokaci, sai in farga minti goma sun wuce ina cikin saƙonnin WhatsApp, lokacin da na fito dubawa kuwa na manta shi. Ga kuma ranakun da ba a kawo wuta ba, wayar ta yini a wurin masu caji.

Ba wai ban taɓa ɗaura agogo ba. A dirowar gefen gadona akwai gawarwakin agogo biyar, duk na batir, duk irin waɗanda ake tallarsu a tasha da bakin danja. Ɗaya ruwan zinarensa ya goge ya bar mini kore a tsintsiyar hannu. Ɗaya maɗaurinsa ya tsattsage tun a bazarar farko. Sauran ukun kuwa, tun ranar da aka buɗe bayansu aka canja batir ba su sake komawa daidai ba. Raɓa ta riƙa taruwa a ƙarƙashin gilashi, daga nan sai mutuwa. Babu wanda na kai gyara, domin kuɗin gyaran da kuɗin sabo kusan ɗaya ne. Da na haɗa abin da na kashe a kansu sai na ga ya isa a yi magana, na kuma tuna da batun nan na sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Da na fara bincike sai na tarar masu sha'awar agogo a Turai da Amurka suna da rukunin da suke kira otomatik mai arha, wato wanda bai wuce dala ɗari biyu ko uku ba. A nan na fara gane cewa arha ma tana da ƙasarta. Tsohon samfurin Seiko 5 ya yi shekaru ana sayar da shi ƙasa da dala 100. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da dala take wajen Naira 460 a farashin gwamnati, dala ɗari ba ta wuce Naira 46,000 ba. A watan Fabrairun 2024 dala ta haura Naira 1,500, ita wannan dala ɗarin ta koma Naira 150,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin shekarar Naira 70,000 ne. Ke nan abin da ɗalibin jami'a a can yake saya da kuɗin aljihu, a nan a 2024 ya fi albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci. Agogon bai canja ba, ko ƙusa ɗaya ba a ƙara masa ba.

Shi ya sa ranar da wani mai shago ya miƙo mini agogo mai sheƙi, da lambar 5 a fuskarsa, an rubuta otomatik an rubuta duwatsu 21, ya kuma faɗi kuɗin da bai kai rubu'in abin da na yi tsammani ba, sai zuciyata ta ce Allah Ya kashe ya ba ni. Abin da ya cece ni shi ne ɗabi'ar da na gada daga Alhaji, wanda ko akuya ba ya saya sai wani ya duba masa haƙora. Na ce zan kai wa mai gyara ya gani kafin in biya. Mai shagon ya ɓata rai, amma ya haɗa ni da yaronsa.

A wata kwana cikin Kasuwar Sabon Gari muka same shi, dattijo ne da ya ba saba'in baya, yana zaune a bayan wani akwatin katako mai gilashi wanda faɗinsa bai wuce kamu huɗu ba. A gabansa akwai matsefata, da ƙananan sukudirebobi jere bisa girma, da gwangwanaye na madara da na taba cike da abin da na ɗauka tarkace ne. Na gaishe shi, na miƙa masa. Bai ko ɗauki madubin da yake maƙalawa a ido ba.

"Ɗana, dubi allurar daƙiƙa," in ji shi. "Me take yi?"

Na ce tafiya take yi, Baba.

"Tsalle take yi. Ɗaya, ɗaya, ɗaya. Wannan tsallen batir ne."

Ya zare nasa daga hannu ya ajiye kusa da shi. Allurar nasa ba ta tsayawa, tana shafar fuskar agogon a hankali kamar tafiyar tururuwa. Sannan ya buɗe bayan wanda na kawo. A ciki akwai wani ɗan injin batir da bai fi ƙwayar gyaɗa biyu ba, an kewaye shi da farar roba don ya cika wuri, an kuma ɗora wani ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata a sama, yana juyawa a banza ba ya haɗe da komai. Yaron shago ya ce ai duk ɗaya ne, lokaci dai yake nunawa. Tsohon ya mayar da murfin ya miƙa masa, bai ce da shi uffan ba.

Ni ban bi yaron ba. Na ja benci na zauna, na ce Baba, tun ina yaro ake ce mini irin naka da jini yake aiki. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce shekara hamsin yana jin wannan magana, har akwai wanda ya taɓa zuwa yana tambaya ko gaskiya ne agogon yana rage wa mutum jini. Ya zuba hannu a ɗaya daga cikin gwangwanayen ya fito da inji tsirara, ya ba ni madubin, ya ce in duba da kaina.

Abin da na gani ya fi labarin jinin ban mamaki. Wancan ƙarfe mai siffar rabin wata, a injin gaskiya, nauyinsa duk a gefe ɗaya yake, saboda haka duk motsin da hannu ya yi sai ya rinjaya ya juya. Juyawarsa tana tura wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu, ɗaya yana ja ɗaya yana turawa, ta yadda ko ta wane gefe rabin watan ya juya, haƙorin da ke ƙasa gaba yake yi. Wannan haƙori shi ne yake nannaɗe wani dogon siririn sifirin a cikin gidansa. Sifirin ɗin shi ne rumbun agogon. Idan ya cika, zai ciyar da shi wajen awa 40 ko da an ajiye shi. Da za a sake shi haka nan, da a cikin ƙiftawar ido zai warware, allurai su yi ta gudu kamar farfela. Abin da yake riƙe shi wata 'yar ƙaramar ƙafa ce mai kai da komowa, a tsakiyarta akwai wata waya da ta fi gashin kai siranta. Duk kaiwa ko komowa sai ta saki haƙori ɗaya tak. Sau shida take bugawa a daƙiƙa, sau 21,600 a awa, sau 518,400 a yini da kwana. Duwatsun nan 21 da ake rubutawa kuwa ba ado ba ne, ba kuma dukiya ba ce da za a ciro a sayar: jan yaƙutu ne na haɗi, an dasa su a wuraren da ƙarfe zai goga ƙarfe don kada ya cinye.

"Ka gani, motsi ne," in ji tsohon. "Malalaci ba ya riƙe irin wannan agogo. Shi da gurguwar tafiya ba sa shiri."

Daga baya na karanta cewa wanda ya fara yin agogon hannu mai wana kansa don sayarwa, wani ɗan Ingila mai suna John Harwood a shekarun 1920, shi ma mai gyaran agogo ne. Abin da ya dame shi shi ne ƙura da laima da suke shiga ta ramin kunnen wani, sai ya nemi hanyar da za a daina wanin da hannu. Mutumin da ya san hunturun Kano zai fahimci damuwarsa. A 1931 kamfanin Rolex ya fito da rabin watan da yake zagayawa gaba ɗaya, irin wanda kusan kowa yake amfani da shi yau. A 1963 Seiko na Japan ya fito da jerin 5, da nufin ma'aikaci ma ya ɗaura abin da a da sai mai hali. Abin dariyar shi ne, shi wannan kamfani ne ya kusa binne sana'ar gaba ɗaya: ranar 25 ga Disamba, 1969, ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da batir da ƙwayar kwatz, a kan yen 450,000, kuɗin ƙaramar mota a lokacin. Cikin shekaru kaɗan irinsa ya zama na kowa, masu aikin agogo a Suwizalan suka ragu daga wajen 90,000 a 1970 zuwa kusan sulusin haka kafin ƙarshen shekarun 1980. Guguwar da ta rufe masana'antu a can ita ce ta iso har akwatin katakon tsohon nan, ta mayar da mafi yawan aikinsa canjin batir da huda maɗauri.

A gida kuwa sai da aka yi zama. Uwargida ta saurari bayanina na sifirin da duwatsu har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, wato wanda ya fi tsada shi ne kuma ba ya faɗin lokaci daidai?"

Ba ni da amsa, domin gaskiya ta faɗa. Ƙwayar kwatz tana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, ina za a haɗa da mai bugawa sau shida? Casio F-91W, baƙin agogon robar nan da ake yi tun 1989, kuskurensa bai wuce rabin minti a wata ba, batirinsa yana kai shekara bakwai, yana da ƙararrawar tashin asuba, kuɗinsa kuma ɗan kaɗan ne a kan na otomatik. Su kansu masu yin otomatik mai arha ba su ɓoye ba, a takardarsu suna rubuta cewa zai iya yin gaba ko baya da gomman daƙiƙu a yini. Duk wanda lokaci kawai yake nema, kuma aljihunsa irin nawa ne, ya sayi Casio na gaske ya huta. Wannan ita ce shawarar da nake ba ɗalibaina, ban kuma janye ta ba. Na gaya wa uwargida cewa ina son abin da idan ya lalace za a buɗe a gyara, in ɗaura shi shekara ashirin, wataƙila ma wani ya gada. Ta ce in faɗi gaskiya, agogon Alhaji nake nema. Na ce har da wannan. Ta ce to, in jira kwasar adashena, kada in taɓa kuɗin makarantar yara.

Kafin kwasar ta zo na koma wurin tsohon sau uku, muna shawara. Zaɓi yana da yawa fiye da yadda na zata. Akwai Orient da Citizen, su ma na Japan. Akwai sababbin Seiko 5 da aka sabunta a 2019, masu injin 4R36 wanda ake iya wanawa da hannu, amma kuɗinsu ya haura dala 200, sun fi ƙarfina. Akwai agoguna masu sunaye barkatai da ake harhaɗawa a Sin, da yawansu da injin NH35 wanda kamfanin Seiko yake sayar wa wasu, har da gilashin da ba ya karcewa, a farashi mai sauƙi. Akwai kuma na gwanjo, waɗanda aka sake wa fenti a fuska aka wanke su suka yi kamar sababbi, ciki kuwa sai abin da ka gani. Na lissafa masa duka. Ya girgiza gwangwanin madarar nan har ya yi ƙara.

"Ɗana, ni ba ni da kamfanin da zan aika wa ya turo mini kaya. Kayan gyarana su ne waɗanda suka mutu. Ka sayi agogon da 'yan'uwansa suka cika gwangwanin nan. In ka sayo baƙo, ranar da haƙori ɗaya ya karye, sai dai mu yi masa addu'a."

Wannan magana ce ta yanke shawarar. Shekara da shekaru alhazai da 'yan kasuwa suna shigo da Seiko 5 ƙasar Hausa, waɗanda suka mutu a cikinsu sun zama rumbun gyaran masu rai. Na ba wani ɗan'uwanmu mai fatauci zuwa Dubai saƙo, na rubuta masa lambar samfurin a takarda, na ce tsohon yayi nake so mai injin 7S26, wanda aka fara yi a 1996, in dai akwai ragowarsa a shaguna. Ya ɗan haura dala ɗari. Mako biyar na yi ina jira, kullum ina lissafin abin da kuɗin zai saya na masara. Da ya iso ban ɗaura ba sai da na kai wa tsohon. Ya duba allura, ya duba injin ta gilashin baya, ya nuna mini lambar da ke jikin murfin, ya ce alƙalamin farko shekarar da aka yi shi yake nunawa, na biyu kuma wata. Ya cire ƙulli biyu daga sarƙar, ya jujjuya kunnen har ranar ta koma Larabci, ya girgiza shi a tafin hannu kamar mai tankaɗe, domin wannan inji ba a wana shi da kunne, sannan ya ɗaura mini. Faɗinsa milimita 37 ne, yana shigewa ƙarƙashin hannun kaftani ba tare da ya kama ba.

Zama da shi ya koya mini abubuwan da ba a rubuta a takardar kamfani ba. Na farko alwala. An rubuta cewa yana jure ruwa, amma irin juriyar da ta tsaya a fantsama da wankin hannu ce, ba a wanka da shi. Tunda kuma wajibi ne ruwa ya game hannu har gwiwa, sau biyar a yini nake kwance shi in jefa a aljihun gaba. Sau ɗaya na ajiye shi a kan dakalin masallaci na shiga sahu, sai a raka'a ta biyu na tuna, Allah Ya yafe mini wannan salla. Maɗaurin fata, da na so in saya don ado, tsohon ya hana ni. Ya ce zufar watan Afrilu za ta ruɓar da shi kafin damina. Sarƙar ƙarfen ma tana tara dauɗa a tsakanin ƙulle-ƙullenta, sai an bi ta da tsohon buroshin haƙori. A hunturu kuwa ƙa'ida ɗaya ce: kada a ja kunnen a waje cikin ƙura.

Na biyu, halinsa. Na yi mako biyu ina gwada shi da agogon waya kowace safiya, na gano yana yin gaba da wajen daƙiƙa 15 a yini, wato kusan minti biyu a mako. Da farko abin ya tsaya mini a rai. Tsohon ya ce in riƙa canja yadda nake kwantar da shi da dare, wata rana a rigingine, wata rana a kan gefe, domin nauyin 'yar ƙafar nan yana sauya gudunta gwargwadon kwanciyar. Na gwada, na kuma sami kwanciyar da take rage masa gaggawa. Sauran kuwa, duk Juma'a kafin in tafi masallaci nake mayar da shi daidai. Na kuma tambayi kaina, a garin da ake kiran taro ƙarfe goma a fara sha biyu, wane ne minti biyu a mako zai cuta? Kakanninmu da hantsi da walaha da azahar suka yi mulki da fatauci har Gwanja. Ita kalmar agogo ma aro muka yi daga Yarbanci, inda asalinta ƙararrawa take nufi.

A daminar da ta wuce zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kwana uku. Da na sami sauƙi na miƙa hannu kan dirowa, sai na tarar ya tsaya a ƙarfe huɗu da wani abu, ranar ma ta tsaya a Talata alhali ana Laraba. Ƙaramar 'yata tana zaune a bakin gado, ta ce, "Abba, ya mutu ne?" Saura kaɗan in ce mata da jini yake aiki. Na ba ta na ce ta girgiza shi a hankali. Ta girgiza, allurar ta tashi, ta yi ihu ta fita da gudu tana gaya wa yayyenta ta tayar da agogon Abba.

Abin da ya mayar da ni kasuwa kwanan baya laifina ne. Na ɗauki ɗabi'ar ajiye shi da dare a kan rediyo, daidai bakin lasifika. Cikin 'yan kwanaki ya fara gudu, minti huɗu, minti biyar a yini, har na tashi ɗalibai daga aji kafin a kaɗa ƙararrawa. Na tafi da fargabar cewa kuɗin adashena sun bi ruwa. Tsohon ya ɗauko wani ɗan kamfas ya kusanta agogon da shi, allurar kamfas ɗin ta karkata. Ya ce maganaɗisun lasifika ne ya kama siririyar wayar nan, zagayenta suna mannewa da juna, ta gajarce, shi ya sa take sauri. Yana da wata 'yar na'ura ta cire maganaɗisu, amma babu wuta, sai da ya aika aka ja masa waya daga janaretan masu cajin waya da ke maƙwabtaka da shi. Ya ɗora agogon, ya danna, ya janye shi sannu a hankali. Aikin bai kai minti ɗaya ba. Kuɗin da ya faɗa ko kwanon abinci a kasuwar ba zai saya ba.

A nan lissafina na arha ya sake rikicewa. A ƙasashen da ake yin waɗannan agoguna, ladan mai gyara ya kai inda wanke irin wannan inji da sa masa mai ya fi sayen sabon inji tsada, don haka da yawa cire tsohon suke yi su jefar su sa sabo. A nan kuwa mutumin da ya san kowane haƙori da sunansa zai warware inji gaba ɗaya, ya wanke, ya sa mai, ya mayar, a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Duk dogon bayanin da na yi wa uwargida, na abin da za a gyara a ɗaura shekara ashirin, a kan wannan ƙaramin lada ya dogara. Ladan nan kuma shi ne ya sa benci na biyu a bayan akwatin ya zama wurin ajiye buta. Na tambaye shi yaransa. Ya ce biyu suna gyaran waya a Farm Centre, ɗaya yana jan Keke, kuma bai ga laifinsu ba, domin abin da mai canja gilashin waya yake samu a yini shi sai ya yi mako bai gan shi ba. Almajirin da ya koya wa aiki na ƙarshe ya kai shekara goma da tafiya. A layin nan, in ji shi, su bakwai ne a da; yanzu su biyu suka rage, ɗayan ma idonsa ya fara hazo.

Na ninka kuɗin da ya faɗa sau uku na ajiye a kan gilashin. Ya ƙirga, ya ɗauki kashi biyu, ya turo mini ɗaya, ya ce abin da ya wuce haka ya zama sadaka, shi kuwa bai kai nan ba tukuna. Ya yagi wata 'yar takarda ya rubuta wata da shekara da ajami, ya ce in adana.

"Bayan shekara huɗu ka kawo shi a wanke, a sa masa mai. Kada ka jira sai ya tsaya."

Na yi shiru ina lissafin shekarunsa a zuci. Na ce, Baba, in na zo ban same ka ba fa?

Ya mayar da madubin idonsa, ya jawo agogon wani da ke jiran canjin batir.

"To sai ka sayi na roba, kamar kowa."